Yadda ake sauka a Alƙahira cikin ayarin yawon buɗe ido ba tare da an rasa mutum ko akwati ba

Idan kamfanin shirya tafiye-tafiye ya haɗa ayarin hutu zuwa Masar, abin da ake tallatawa shi ne dalolin Giza, kogin Nilu, masallacin Azhar da kasuwar Khan al-Khalili. Ba a cika maganar awanni biyar ko shida na farko ba, wato daga lokacin da jirgi ya taɓa ƙasa zuwa lokacin da kowa ya karɓi makullin ɗakinsa. A cikin waɗannan awannin ne ake ɓatar da akwati, a bar tsohuwa a layin shige da fice, a fara gaba tsakanin mutanen da za su yi mako guda a bas ɗaya. Kuma yawancin ɓarnar daga abu ɗaya take tasowa: kowa ya saki jiki yana ganin ai akwai mai kula da shi. Tafiyar ayari tana da daɗi da sauƙin kuɗi, amma ka shige ta da shirin mutumin da zai iya kai kansa masauki ko da ya waiga bai ga kowa ba.

Abin da ake gamawa tun kafin a hau jirgi

Ku naɗa madugu daga cikinku, ko da kamfanin ya ce yana da wakili a can. Wakilin kamfani yana jiranku ne a ƙarshen hanya, shi kuwa madugu yana tare da ku tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja. Kada a zaɓe shi don ya fi kowa shekaru ko kuɗi. A nemi mai haƙuri, wanda ya taɓa fita waje, mai ɗan Turanci ko Larabci, wanda kuma ba ya jin nauyin ce wa Alhaji "ranka ya daɗe, kai ake jira." A ba shi mataimaki, kuma idan akwai mata a ayarin a samu mace guda da za ta riƙe ɓangarensu, domin akwai wuraren da namiji ba zai bi su ba.

Daga nan a kasa ayarin gida-gida, mutum huɗu ko biyar a kowane kashi, kowane kashi da mai ƙirga mutanensa. Ƙirga mutum ashirin a cikin cunkoso aiki ne, amma a tambayi mutum huɗu "naka sun cika?" minti ɗaya ne. Tsofaffi da masu ƙananan yara kada a tara su a kashi ɗaya, a raba su cikin masu ƙarfi.

Kowa ya riƙe fasfonsa da kansa. Akwai masu son tattara fasfunan ayari a jakar mutum ɗaya wai don kada wani ya yar da nasa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan: in jakar ta ɓata kowa ya shiga uku, kuma a gaban jami'in shige da fice kowa shi kaɗai yake tsayawa. Abin da madugu zai riƙe shi ne kwafin shafin farko na fasfon kowa da na bizarsa. Mai fasfon Najeriya ya tabbatar bizarsa ta fito tun daga gida, kada ya dogara da labarin cewa ana sayen biza a filin jirgin Alƙahira, wannan tsari ne na wasu ƙasashe. Katin rigakafin cutar shawara shi ma ya zauna a cikin fasfo.

Sai takarda guda, wadda na fi ba muhimmanci a kan komai. A buga wa kowa ita: sunan otal da adireshinsa da Turanci da kuma Larabci, lambar wayar otal, lambar wakilin kamfani, lambar madugu. Takarda ta gaske, ba hoto a waya ba, don waya tana mutuwa a daidai lokacin da ake bukatarta. Yaro ma a sa masa tasa a aljihu. A haɗa da kwafin tikitin dawowa da shaidar kama ɗaki.

Game da kaya, abu uku. A sayi ƙyalle mai launi ɗaya mai ɗaukar ido, a yayyanka, kowa ya ɗaura a hannun akwatinsa. Da an hango shi a kan bel ɗin da ke fito da kaya a filin jirgi an san na ayari ne. Na biyu, ɗan guntun takardar da ake manna maka a jikin tikiti bayan an auna kaya, shi ne shaidarka in akwati ya ɓata, ka ɗauki hotonsa ka adana shi. Na uku, a jakar hannu ka sa kayan sawa na kwana ɗaya, caja, da duk maganin da kake sha kullum, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Masar ba ta wasa da batun ƙwayoyi. Tramadol da ire-irensa sun kai matafiya gidan yari a can, don haka kada ka ɗauka, kada kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce magani ne zai aika wa ɗansa ɗalibi a Azhar. In ba ka ga abin da ke ciki da idonka ba, ka ba da haƙuri.

Kuɗin guzuri a riƙe shi da dalar Amurka ko yuro, sabbin takardu marasa yagewa. Naira da sefa ba za su canzu a bankin Alƙahira ba. Ka kuma tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa, saboda manyan wuraren tarihi da yawa a Masar yanzu da kati ake sayen tikitin shigarsu, ba sa karɓar tsabar kuɗi.

A cikin jirgi

Daga Kano zuwa Alƙahira awa huɗu ne da 'yan kai. Kafin a sauka ka gyara agogo. Masar tana gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma tun 2023 ta dawo da tsarin ƙara awa a lokacin zafi, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tazarar awa biyu ce. Ayari da yawa sun yi rigimar "ai ƙarfe takwas aka ce" a kan wannan. In an raba katin sauka, ka cike shi a zaune, da biron da ka zo da shi, kana kwafar adireshin otal daga takardar nan. Masu ƙarfi su taya tsofaffin kashinsu cikewa. Ka shiga banɗaki kafin jirgi ya fara gangarowa.

Daga ƙofar jirgi zuwa shige da fice

Jiragen EgyptAir a tasha ta uku suke sauka. Kujerun 'yan ayari a warwatse suke, wasu za su fito da wuri, wasu sai can. Dokar ita ce: wanda ya fara fitowa ya tsaya a wuri na farko mai fili bayan an fito daga jirgi, a gefe, ba a tsakiyar hanya ba, har kowa ya iso. A ƙirga. Sannan a tafi tare, mataimaki a gaba, madugu a can baya. Madugu shi ne na ƙarshe da zai wuce shige da fice, domin wanda ya riga ya wuce ba ya iya komowa ya taimaki wanda aka tsare da tambaya.

A kan layi ka cire fasfo daga rigarsa, ka buɗe shafin biza. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto ko bidiyo a nan, jami'an ba sa so. In an tambaye ka abin da ya kawo ka, ka ce yawon buɗe ido, ka faɗi kwana nawa, ka nuna takardar otal da tikitin dawowa. Amsa gajera ta fi. Wani lokaci sukan karɓi fasfon mutum su ce ya zauna a gefe. Ba abin tayar da hankali ba ne, sau da yawa dubawa ce kawai, amma takan ɗauki lokaci, kuma a nan ne amfanin madugu a baya yake fitowa: ya tsaya kusa, ya nuna jerin sunayen ayari da lambar wakilin kamfani, ba tare da ɗaga murya ba. Mai niƙabi ta san za a bukaci ganin fuskarta, tana iya roƙon jami'a mace. Da an buga maka hatimi ka duba shi kafin ka matsa.

Wajen ɗaukar kaya

Kada mutum ashirin su yi wa bel dafifi. Matasa uku ko huɗu su tsaya a bakinsa suna sauke duk akwatin da ke da ƙyallen ayari, sauran su tsaya a gefe ɗaya da amalanken kaya, kowa yana karɓar nasa yana gwada lambar jikinsa da guntun takardarsa. Akwatuna baƙaƙe sun yi kama da juna, kuma ɗaukar na wani bisa kuskure ya fi rasa naka wahalar warwarewa.

In bel ya tsaya akwatin wani bai fito ba, kada ya fita daga zauren. Ofishin cigiyar kaya yana nan ciki. Ya je da fasfo da tikiti da guntun takardar, a cike masa takardar rahoto, ya ba da adireshin otal, ya karɓi kwafi mai lambar bincike. Wanda ya fita ba tare da wannan takardar ba ya wahalar da kansa. Mutum ɗaya ya tsaya tare da shi, sauran su yi gaba su fara abin da ke biye, ba sai ayari duka ya zauna zaman makoki a kan akwati ɗaya ba.

A wajen kwastam, wanda ke ɗauke da kuɗin waje da suka haura dalar Amurka 10,000 dole ya bayyana. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto daga sama kuwa kada ma a zo da shi, ƙwacewa za a yi, in ma abin ya tsaya a nan.

Canji da layin waya

Akwai rassan bankuna a cikin filin jirgin, suna aiki dare da rana. Kuɗin ƙasar fam ne, su suna ce masa gine. Ka canza abin da zai ishe ka kwana biyu, ka karɓi rasit, ka roƙi a haɗa maka da ƙananan takardu, na fam goma, ashirin da hamsin, domin za ka bukace su tun kafin ka kai bas. Canji a hannun mutanen titi laifi ne a dokar Masar, kuma tun da aka saki farashin fam a watan Maris na 2024 babu wata riba a ciki da ta kai kasadar.

Kamfanonin waya huɗu ne, Vodafone, Orange, e& (wanda a da ake kira Etisalat) da WE, kuma akwai rumfunan sayar da layi a zauren fitowa. Da fasfo ake saye. A nan ayari ke ɓata awa guda a banza in kowa ya ce sai ya sayi nasa. Madugu da masu ƙirga kashi su saya a nan, su tabbatar data tana aiki kafin su bar gaban rumfar, su turo sabbin lambobinsu a rukunin WhatsApp na ayari. Sauran su haƙura sai gobe a cikin gari, kafin nan akwai intanet a otal. Wanda ya samu layi ya aika wa gida cewa an sauka lafiya a madadin kashinsa.

Fita da hawa bas

Da kun fito za a yi muku ca: masu tasi, masu cewa su ma'aikatan yawon buɗe ido ne, masu kama hannun amalankenka su tura ba ka sa su ba. Ka ce "la, shukran", wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya, hannunka a kan kayanka. Wakilin kamfani zai riƙe allo mai sunan kamfanin ko na ayari. Madugu ya kira lambar da aka ba shi tun daga gida ya ga wayar wa ta yi ƙara, ko ya sa mutumin ya faɗi sunan otal da kansa. Kada ka tambaye shi "kai ne na otal kaza?", kowa zai ce e.

In wakili bai zo ba, ku koma ciki ku zauna a wuri ɗaya, a kira kamfani, a kira otal. In ta kama sai kun kai kanku, manhajojin kiran mota na Uber da Careem suna aiki a Alƙahira, kuma sun fi ciniki da mai tasi da tsakar dare. Kowace mota ta ɗauki kashi ɗaya da mai layin waya a ciki. Lambobin motocin Masar da rubutun Larabci suke, wanda ya saba da lambobin shafukan Alƙur'ani zai karanta su ba wahala, sai ya zama shi ne mai duba lamba.

A bakin bas, kowa ya tsaya ya ga an sa akwatinsa a ciki da idonsa kafin ya hau. Jakar hannu ta hau tare da kai. Masu ƙirga su ƙirga, madugu ya sake ƙirgawa, sannan a ce wa direba bismilla. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari wajen kilomita 20 ne, zuwa Giza kuwa tafiyar ta kusa ninkawa, kuma cunkoson Alƙahira ba ya duba agogo. Wanda ya iso ranar Juma'a da safe ya yi sa'a, tituna fayau, don Juma'a da Asabar ne hutun mako a can.

A otal

Yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana. In jirginku na asuba ne, wannan magana ce da ya kamata a gama da kamfani tun a gida: ko a biya daren da ya gabata, ko a san za a zauna a zaure. Jerin waɗanda za su kwana ɗaki ɗaya shi ma a gida ake rubuta shi, ba a gaban mai karɓar baƙi ba, inda gajiya za ta sa a fara "ni ba zan kwana da mai minshari ba." Ma'aurata su riƙe kwafin takardar aure, wasu otal-otal kan tambaya.

Za a karɓi fasfo a ɗauki kwafi. Ka tsaya ka karɓi abinka. A fara ba tsofaffi da masu yara makulli. Madugu ya rubuta lambar ɗakin kowa ya tura a rukuni. Kowa ya ɗauki katin otal daga kan tebur ya haɗa da takardarsa.

A ɗaki, kafin ka baje kaya, ka duba ruwa, na'urar sanyaya ɗaki da makullin ƙofa. Canza ɗaki ya fi sauƙi a minti goma na farko. Soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi, mutanen Nijar kuwa yawanci tasu za ta shiga. Abin da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki na kuɗi ne, a gaya wa yara. Ruwan sha a sayi na gora. Alƙibla daga Alƙahira kudu maso gabas take, ba inda jikinka ya saba fuskanta ba, ka duba alamar da ke ɗakin ko ka tambaya. In lokacin sanyi ne, Disamba zuwa Fabrairu, dare yakan yi sanyi sosai, ka fito da rigar sanyi tun yanzu.

Zama na minti goma sha biyar

Kafin kowa ya kwanta, a taru a zaure. Ana gajiye, don haka a taƙaita, amma kada a tsallake. A tsayar da lokacin karin kumallo da lokacin tashin bas, da agogon Masar. A yanke minti nawa za a jira wanda ya makara, a kuma yarda cewa bayan nan zai biyo ayari a mota da kuɗinsa. In ba a faɗi wannan a daren farko kowa yana ji ba, ranar da aka aiwatar da shi a kan wani zai ce wulaƙanci ne.

A yi maganar bakshish. A Masar ɗan abin hannu da ake ba direba, ɗan dako, mai gadin takalma a masallaci da mai share banɗaki al'ada ce da ta zauna, kuma da yawansu da shi suke cike albashi. Mafi sauƙi a yi karo-karo, a ba mutum ɗaya ya riƙa biyan na direba da ɗan jagora da 'yan dako a madadin kowa, yana rubutawa. Kowa kuma ya riƙe 'yan canjinsa na banɗaki.

A faɗi abin da wanda ya ɓace zai yi: ya tsaya a inda ya fara lura ba ya ganin kowa, ya kira madugu, in minti ashirin ta wuce ya nuna takardarsa ga ɗan sanda ko ya hau mota zuwa otal. Lambar 'yan sanda 122 ce, motar asibiti 123, 'yan sandan yawon buɗe ido 126. Wanda ya yar da fasfo sai ya fara da rahoton 'yan sanda sannan ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma kwafin da ke hannun madugu zai rage masa wahala. A kuma ja kunnen masu son hoto: ba a ɗaukar sojoji, 'yan sanda, shingayen bincike da gine-ginen gwamnati.

Fitar farko

Kada a sa wata babbar ziyara a ranar isowa. In an huta, a ɗan zaga unguwar otal a ƙafa, kashi-kashi, a gano kantin magani, wurin cirar kuɗi, masallaci da shagon ruwa mafi kusa. Tsallaka titi a Alƙahira sai an koya: motoci ba sa tsayawa, ratsa su ake yi. Ka tsaya a gefen ɗan gari, ta ɓangaren da zai kare ka daga motocin, ka taka tare da shi, ba gudu ba ja da baya, hannun yaro a cikin naka.

Abincin daren farko ya zama mai sauƙi kuma mai zafi. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana da arha, yana ƙosarwa, ba nama a ciki balle a yi tunani. Akwai ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasarsu, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka, karkade kuwa zoɓo ne. Ɗanyen ganye da ƙanƙarar kan titi a ɗan jinkirta musu. Wanda ya yi Larabcin Islamiyya za a gane shi in ya yi magana, amsar ce za ta zo da harshen gari mai sauri, sai ya ce a maimaita a hankali. A gidan abinci mai teburi ka duba takardar kuɗi, galibi an riga an ƙara kuɗin hidima da haraji a kan farashin da ka gani.

In gobe Giza aka nufa, a daren nan za a shirya: katin banki na sayen tikiti, ruwa, hula ko lema, takalmi mai rufi, wayar da aka cika da caji. A kuma gaya wa kowa tun yanzu cewa a can ba a hawa raƙumi ko doki, ba a karɓar rawani ko ɗan abin wuya da aka miƙo da sunan kyauta, sai an yi ciniki an ji farashin a fili, da fam, na hawa da sauka duka, kuma ɗan jagora yana tsaye.